Na Je Garwa Neman Rifkatu

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ofishin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kayan miyan da nake saya a wurinta sai da ta ce, "Malama Dija, an ce kin je Faransa." Ban je Faransa ba. Garwa na je, nan Kamaru, tafiyar da 'yan kasuwarmu suke yi kamar zuwa Gella daga nan Mubi. Amma duk lokacin da na fara ba da labarin da baki sai muryata ta ƙi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta.

Waɗanda suka zo kwalejinmu daga baya ba su san Rifkatu ba. Tare muka koyar a sashen noma. Ita 'yar Gella ce, 'yar ƙabilar Gude, Kirista, ni kuma a unguwar Nassarawo aka haife ni. Shekara biyu muka yi muna yawo ƙauyuka muna tambayar tsofaffin mata yadda suke ajiye wake ƙwaro bai ci ba, ba tare da maganin kanti ba. Wata ta ce toka, wata yashi, wata barkono da ganyen dogon yaro. Muka gwada, muka auna, muka rubuta maƙala guda ɗaya, aka buga ta a wata ƙaramar mujalla.

Sai shekarar gudu ta zo. Ranar da 'yan ta'adda suka shigo Mubi, a ƙofar kwaleji na haɗu da Rifkatu riƙe da hannun 'yarta. Mijinta Yohanna ya shiga gari da safe bai dawo ba. Na ce mata, "Ki tsaya nan, zan je in ɗauko yara, mu dawo da mota mu ɗauke ku." Da muka fito daga gida, hanyar kwaleji ta cika da mutane suna gudu suna nufo mu. Maigida ya juya motar, ni kuma ban ce ya tsaya in sauka ba. Wayata ma a ranar ta ɓace. Bayan watanni da muka dawo, na tarar da gidanta a rufe, na ji an kashe Yohanna, ita kuma wasu suka ce ta haura duwatsu zuwa Kamaru. Ban neme ta ba. Na sha gaya wa kaina ban san ta inda zan fara ba, amma gaskiyar ita ce tsoron ganin idonta nake yi. Tun daga nan ban sake rubuta komai ba, koyarwa kawai nake yi in koma gida.

A bana shugaban sashenmu ya ce in ba sabon rubutu, ba ƙarin girma. Na je laburare wurin mai kula da shi, Mista Zira, na ce masa na daɗe da barin harkar, ban ma san abin da aka rubuta a kan wake ba a shekaru goman nan. Ya jawo mini kujera gaban kwamfutarsa.

"Madam, yanzu ba a wahala irin ta da. Akwai shafuka na kyauta, ki sa sunan takarda ɗaya, su zana miki danginta duka. Ba ni sunan taki."

Na gaya masa, ya rubuta. Bayan ɗan jira sai allon ya cika da ƙwallaye, manya da ƙanana, da zare-zare suna haɗa su. Ya ce kowane ƙwallo maƙala ce. Wanda ya yi girma, mutane da yawa sun kafa hujja da shi. Mai duhun launi sabo ne, wanda ya koɗe tsoho. Zaren kuma yana nuna wa ya ambaci wa. Tamu tana can gefe, ƙarama, ta koɗe, zare huɗu kawai suka taɓa ta. Uku na ɗalibai ne daga kudu. Na huɗun ya tafi can wani gungu da ban taɓa sanin da shi ba, duk sunayensu da Faransanci. Mista Zira ya taɓa ƙwallon da ke ƙarshen zaren. Sunan marubuta uku ya fito, na farko harafin R ne, sai sunan mahaifin Rifkatu, mutumin da na ci tuwo a gidansa ba sau ɗaya ba. A ƙasa an rubuta wata cibiyar binciken noma a Garwa, da adireshin imel.

Na rubuta mata, "Ni ce Dija. Idan ke ce, ki amsa." Washegari amsa ta zo da lambar waya da layi ɗaya: "Ni ce. Ki zo, ni ba zan iya zuwa ba." Da na nuna wa maigida, ya karanta saƙon, sannan ya ce, "Ki je. Ki ce mata ni ne na juya motar."

Ƙarshen damina ne. Na shiga motar Sahuda, garin bakin iyaka, da safe, direban ya dube ni ya ce, "Hajiya, ka zauna gaba, baya ya cika," irin Hausarmu ta Mubi da ba ruwanta da mace ko namiji. A gaban na tarar da wata dattijuwa mai jiki, Hajja Mairama, 'yar kasuwar atamfa. Kafin mu wuce gonakin bayan gari ta san inda za ni, ta san ban taɓa ƙetare iyaka ba, ta kuma yanke cewa ba za ta bar ni ni kaɗai ba sai garin Gidar, a kan hanyar Garwa.

Iyakar da na yi shekaru ina jin ta kamar wata katanga, igiya ce aka ɗaure tsakanin ganga biyu. Namu suka duba takarduna suka buga hatimi. A Bukula, ɓangaren Kamaru, wani jandarma dogo ya karɓi fasfona ya yi mini tambaya da Faransanci. Ban gane ba. Ya maimaita da ƙarfi, kamar ƙarfin ne zai sa in gane. Hajja Mairama ta ce masa da Fulatanci, "Malama ce, ba ta jin yarenku, katin rigakafi kake so?" Ashe shi yake so. Na miƙa masa katin, sai shi ma ya juye Fulatanci ya tambaye ni abin da zai kai ni Garwa. Na ce ƙawata zan gani. Ya ce yaushe rabona da ita. Da na gaya masa, sai ya miƙo mini takarduna. Daga nan har na dawo, Fulatancin da na koya a wurin kakata shi ya yi mini aiki. A can shi ne yaren kasuwa da tasha, kamar yadda Hausa take a wurinmu.

Ruwa ya lalata hanya, mota ba ta zuwa, sai babur. Ni da ban hau babur ba tun ina budurwa, ga ni a bayan wani mutum mai hular sanyi muna hawa dutse muna gangarawa. Muka iso wani mayo, wato rafi, ruwa har gwiwa. Masu babura suka ce mu sauka mu taka. Na cire takalmana na riƙe a hannu ɗaya, jaka a ka, ina bin bayan Hajja. A tsakiyar ruwan ƙafata ta zame, na kama zanenta, takalmin dama ya tafi. Muna kallo ya juya sau biyu ya shige ƙarƙashin wani reshe. Hajja ta yi dariya har sai da ta zauna a kan dutse, sannan ta buɗe ƙunshinta ta ciro silifas ɗin alwalarta. Ƙafarta ta kusa biyun tawa. Haka na shiga Gidar da yamma ina jan silifas, malamar kwaleji guda, da takalmin hagu a cikin jaka don na kasa jefar da shi.

Hajja ta kai ni wani masauki da suke kira oberj, ta damƙa ni a hannun matar da ke kula da wurin, ta wuce gidan 'yarta. Ɗakin yana da tsabta, sai dai matashin kai ɗaya ne dogo kamar tabarya, daga wannan gefen gado zuwa wancan. Matar ta tambaye ni ko zan ci kuskus. Na yi murna, na ce rabona da kuskus tun bikin ƙanwata. Sai ga tuwon masara da miyar yakuwa. Ashe su tuwo suke kira kuskus. Miyar ta yi daɗi, ta fi tamu tsami, da gyaɗa a ciki. Da safe kuma aka kawo mini burodi dogo mai tauri kamar sanda, an tsaga shi an cusa wainar ƙwai da aka soya da taliya a ciki. Na juya shi na juya, na ga kowa yana ci hankali kwance, ni ma na ci. Har azahar ban ji yunwa ba.

Tasharsu ta ba ni mamaki. Mu a nan in mota ta zo, mai ƙarfi shi ke samun taga. Su kuwa sai an rubuta sunanka a tikiti, kowa ya zauna a benci, wani ya tsaya bakin ƙofar bas yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina sauraro har benci ya zama ni kaɗai. Mutumin yana ta kiran wani suna, yana waige-waige, direba yana danna ham. Sai da ya zo ya karɓi tikitina ya nuna mini da yatsa. Sunana ne yake kira tun ɗazu, ya fara da sunan mahaifina, ya kuma lanƙwasa shi yadda ko mahaifin nawa ba zai amsa ba. Na shiga bas kowa yana kallon silifas ɗina.

Garwa zafi, itatuwan dogon yaro a jere a bakin titi, babura kamar ƙudan zuma. Na isa cibiyar da tsakar rana, maigadi ya ce an tafi hutun cin abinci, ba a dawowa sai bayan awa biyu. Na aika wa Rifkatu saƙo na zauna a ƙarƙashin bishiya. Duk maganar da na shirya tun daga Mubi ta gudu. Ban yi minti goma ba na ga wata mata tana tahowa da sauri daga cikin harabar, da farar rigar aiki, gashinta a gaba ya yi fari. Tafiyar na gane kafin fuskar, tana ɗan jan ƙafar hagu kamar da.

Ta tsaya a gabana ta ce, "Dija."

Na miƙe. Ta kama kafaɗuna ta sumbaci kumatuna, dama da hagu, yadda suke yi a can, sannan kamar ta tuna ko ni wace ce, sai ta rungume ni irin tamu. Mun daɗe a haka. Da ta sake ni ta dubi ƙasa ta ce, "Wannan takalmin na wa ne?" Muka yi dariya muna share ido.

Ofishinta ƙarami ne, kwalabe cike da wake a jere a kan kanta, kowace da takarda manne. Ta gaya mini yadda ta kai nan. Kwana uku suka yi a duwatsu ita da 'yarta kafin su iso wurin dangin mahaifiyarta a Bukula. Daga baya ta samu aikin wanke kwalabe a wannan cibiyar, ta koyi Faransanci a bakin masu shara da ɗalibai, har wani babba ya lura ta fi wasu masu digirinsu sanin ƙwaron wake. 'Yar tana jami'a a Ngaundare yanzu. Hausar yarinyar ta tafi, sai gaisuwa.

Na ce, "Rifkatu, ranar nan a ƙofar kwaleji."

Ta ɗaga hannu. "Bari in nuna miki wani abu tukuna."

Ta buɗe kwamfutarta, ta shiga irin shafin da Mista Zira ya nuna mini, ta sa sunan maƙalarmu. Ƙwallayen suka fito. Ta taɓa sunana, allon ya nuna duk abin da na taɓa bugawa. Ƙwallo ɗaya ne tak, babu komai a bayansa.

"Tun da na san wannan abin, duk bayan 'yan watanni sai in sa sunanki. Na ce Dija ba ta iya zama ba rubutu, in tana da rai wani abu zai fito. Ba abin da ya fito. Na aika saƙo a imel ɗin da ke jikin takardar, ya dawo mini."

"Amma 'yan Mubi suna zuwa kasuwar nan kullum. Da kin tambaya."

"Na sani. Sau nawa ina tsayawa kusa da masu atamfa ina jin Hausarsu. Muddin ban tambaya ba, kina da rai. Ke me ya hana ki tambaya?"

Na ce, "Na ce ki jira ni, ban dawo ba." Na gaya mata saƙon maigida, na kuma gaya mata cewa ko da shi ya juya motar, ni ban buɗe baki ba.

Ta ɗauki wata kwalba tana juyawa a hannunta. "Na jira ki har rana ta take. Yarinyar tana cewa mu tafi, ina cewa Anti Dija tana zuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi shekara uku ina fushi da ke. In na tuna ki sai in ji abinci ya fita raina. Daga baya na ga hanyar nan a cikin kaina, yadda ta cika, na san da kun dawo, da yaranki ma ba su tsira ba. Fushin ya ƙare, ya bar ni da kewa, ita kuwa ba ta ƙarewa." Ta nuna zaren da ya haɗa ƙwallonta da namu. "Abokan aikina sun ce in cire wannan, wai tsohuwar takarda ce daga mujallar da ba wanda ya sani. Na ce ko a bar ta ko a cire sunana. Na ce wataƙila wata rana wani a Mubi zai bi zaren."

Kwana huɗu na yi a gidanta. Ta saya mini takalmi, ta share mini kusurwa ta shimfiɗa sabuwar tabarma don salla, ta tambayi maƙwabcinta alƙibla. Da rana muna ofis muna bin taswirar nan ƙwallo bayan ƙwallo. Na ga aikin shekaru da aka yi a kan abin da muka yi, tafiyar yini biyu daga gidana, ban taɓa jin labarinsa ba don da Faransanci yake, su ma ba su san namu ba. Ta fassara mini, ni kuma na gaya mata na ɗalibanmu da ke jibge a kabad, waɗanda ba taswirar da ta san da su don ba a taɓa sa su a intanet ba. Muka tsara sabon aiki, ita ta ɗauki ƙauyukan ɓangarensu, ni in koma Gella da Mayo Bani.

Da yamma takan kai ni bakin kogin Binuwai mu ci gasasshen kifi da rogo da aka naɗe a ganye. A nan take tambayata Mubi. Kasuwar shanu tana nan? An gyara gadar? Matar da take sayar mana da ƙosai a ƙofar kwaleji fa? Tsohuwar nan ta Gella da ta kore mu don mun taɓa rumbunta ba izini? Wasu na ce suna nan, wasu na ce sun rasu. Duk wanda na ce ya rasu sai ta ambaci sunansa sau ɗaya a hankali. Ba ta tambaye ni gidanta ba. Kabarin Yohanna kuwa, ni da ita ba wanda ya san inda yake.

Na ce, "Ki zo mu tafi tare, ko kwana biyu ne. Gari ya zauna lafiya tuntuni."

Ta ce, "Na sani. Zan raka ki tasha."

A tasha ta ce bari ta raka ni Gidar, tana da wanda za ta gani. A Gidar ba ta ga kowa ba, muka kwana a oberj, da safe na ga ta tsayar da babura biyu. Na hau na biyun. Muka haura duwatsun tare, ita a gaba, ina ganin kanta yana juyawa dama da hagu. A wani wuri ta sa aka tsaya, ta nuna mini wata 'yar hanya da ta gangaro daga tsauni ta ce ta nan suka fito.

Muka iso Bukula da azahar. Ranar kasuwa ce, mutane suna ƙetarawa da kaji da buhuna, ba mai tambayarsu. Aka buga mini hatimi, na wuce, na juyo. Rifkatu tana tsaye taku biyu daga igiyar. Wani jami'inmu da ya ga muna kallon juna ya ce mata, "Madam, shigo mana, ki sha ruwa ki koma, ba komai."

Ta ce, "Na gode, ɗana." Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta mayar. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi. "Ƙafar ta ƙi, Dija."

Can gefenmu wata mata tana sayar da rake. Rifkatu ta ce in sayo mata. Na ce ai ga rake nan a bayanta, iri ɗaya ne. Ta ce ta sani, na wancan gefen take so. Na je na zaɓo mai kauri, aka fere aka yanka, na miƙa mata ta saman igiyar. Ta ɓare ɗaya ta sa a baki tana taunawa, tana kallon hanyar da ta gangara zuwa Sahuda, motocin Mubi suna lodi a ƙasa, kwandasta yana kiran sunan garin.

Direba ya ce saura mutum ɗaya. Na shiga na zauna a bakin taga. Har muka sha kwana tana nan tsaye da ledar raken a hannunta.